“Nan da mako biyu”: me mai Turanci yake nufi idan ya faɗi lokaci a hasashe?

Ranar Alhamis 19 ga Yunin 2025, mai magana da yawun fadar shugaban Amurka, Karoline Leavitt, ta tsaya gaban 'yan jarida ta karanta saƙon Donald Trump. Ya ce zai yanke shawara kan ko Amurka za ta tsoma hannu a yaƙin Isra'ila da Iran “within the next two weeks”. Da maganar ta iso kunnenmu da Hausa, sai ta zama “nan da mako biyu”. Kowa ya ƙirga da yatsunsa, ya ga ashe da sauran lokaci har farkon Yuli. Kafin gari ya waye ranar Lahadi 22 ga watan, Amurka ta riga ta yi luguden wuta a kan cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz da Isfahan. Kwana uku ma ba su cika ba.

A majalisar da nake zama bayan isha'i, gardama ta kaure a daren nan. “Ai ƙarya ya yi,” in ji wani dattijon tela. “Mutum ya ce mako biyu, ya buge da kai hari a kwana biyu?” Wani malamin firamare ya girgiza kai. “A'a, Alhaji, bai ce sai bayan mako biyu ba. Cewa ya yi a cikin mako biyu.” Aka yi masa ca, wai yana kare Trump. Alhali gaskiya ya faɗa. Ko an yi wannan furuci ne don a shammaci Iran, wannan magana ce daban, kuma ni ma na fi karkata ga cewa shammata ce. Amma a lafazi, mutumin bai saɓa abin da ya faɗa ba.

To, idan mai Turanci ya yi hasashe ya ce abu zai faru “in the coming days”, ko “in a couple of weeks”, ko “in the medium term”, wane tsawon lokaci yake nufi? Kuma yaushe muke da hujjar cewa hasashensa bai tabbata ba?

Ƙaramar kalmar da ke gaban lamba

Idonmu ya fi saurin faɗawa kan lamba: biyu, goma, 2030. Amma a irin waɗannan jimloli, ma'anar tana rataye ne da 'yar kalmar da ta zo kafin lambar, wadda mai fassara cikin gaggawa ya fi saurin haɗiyewa.

“Within” katanga ce. Tana faɗin iyakar da ba za a tsallake ba, ta bar duk filin da ke ciki a buɗe, daga yanzu har jikin katangar. “In two weeks” kuwa galibi tana nuna ƙarshen lokacin ne, wato idan mako biyu ya cika. Hausa tana da hanyar rarrabe su. “A cikin mako biyu” daban, “bayan mako biyu” daban. Matsalar tana wajen “nan da”, domin tana iya ɗaukar duka biyun, kunne kuma ya fi kai ta ƙarshe.

Sai dai kada a ɗauka “within” tana wanke kowane mai hasashe. A mako na biyu na Agustan 2021 jaridun Amurka sun ruwaito cewa hukumomin leƙen asirin ƙasar na ganin Kabul na iya faɗawa hannun Taliban “within 90 days”. Ranar 15 ga watan Taliban suka shiga birnin. Idan lafazi za a bi, hasashen ya yi daidai, kwana biyar ai suna cikin casa'in. Amma wa zai yarda da wannan kariya? Wanda ya ce maka casa'in ya sa ka shirya wa watanni, ka ɗauka akwai lokacin haɗa kaya. Da yana ganin abin kwanaki ne, da kwanaki zai ce. Lambar da mutum ya zaɓa ta zama katanga tana tona inda zatonsa yake.

“By” wa'adi ce: zuwa lokaci kaza an gama, ko kafin nan. Ita ce a cikin tsohon burin Najeriya na shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki zuwa 2020, ita ce kuma a muradun raya ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 da wa'adin 2030. Ta taɓa jawo ruɗani babba. A 2018 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar, IPCC, ya ce in ana son ɗumamar duniya ta tsaya a digiri 1.5, to sai an rage hayaƙin da ake fitarwa da kimanin kashi 45 cikin ɗari “by 2030”, idan aka kwatanta da na 2010. Kafin ka ce kwabo magana ta zama “saura shekara 12 duniya ta tashi”. Wa'adin aiki ne aka bayar, aka mayar da shi ranar tashin alƙiyama, kuma masu musun sauyin yanayi suka samu abin yi wa dariya.

Wadda ta fi kowacce yaudarar mai karanta kanun labarai ita ce “as early as”. Idan jarida ta rubuta cewa maganin wata cuta zai iya fitowa “as early as March”, nufinta shi ne in komai ya tafi daidai, ba a samu cikas ko ɗaya ba, to Maris ne mafi kusa. Ɗaya gefen a buɗe yake, ba ƙofa ba katanga. Mai fassara ya yar da “as early as” ya bar Maris, sai mai sauraro ya riƙe Maris tamkar alkawari. “At least” ma haka take, tana ba ka mafi ƙaranci ta yi shiru a kan sauran. “Up to” kishiyarta ce, mafi yawa take faɗa.

“A couple”, “a few”, “several”, da “kwana biyu” namu

Bara ƙanwata ta sayi keken ɗinki ta intanet daga wani kamfani. Saƙonsu ya ce kayan zai iso “in a couple of weeks”. Ta duba ƙamus ɗin wayarta, ta ga “couple” biyu ne, ta ɗauki biro ta zagaye rana ta goma sha huɗu a kalandar da ke bangon ɗakinta. Ran sha biyar da sassafe ta kira ni, muryarta na rawa.

“Yaya, mutanen nan sun cinye min kuɗi.”

Na ce, “Tsaya. Ran nan da kika je gida Inna ta ce kwana biyu ba ta gan ki ba, kwana nawa kika yi ba ki je ba?”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ai ya fi wata.”

Keken ya iso a cikin mako na uku.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da muke da “kwana biyu” mu ne muke tsananta wa “a couple”. Asalin kalmar biyu ne, kamar miji da mata, kuma akwai masu Turanci da ba sa amfani da ita sai a kan biyu cif. Amma a bakin mutane da yawa ta saki jiki, tana nufin biyu ko uku, wato kaɗan dai. Ba ta kai “kwana biyu” namu yalwa ba, domin Bature ba zai kira wata shida “a couple of days” ba, amma dangi ne.

“A few” ta ɗan fi ta, kamar uku zuwa biyar. “Several” ta ɗara “a few” a kunnen yawancin mutane. Ƙamusoshi kan ce ta fi biyu amma ba ta kai “many” ba, su tsaya nan. Babu hukumar da ta yanke cewa “several” bakwai ne, kuma duk wanda ya ba ka lamba tsayayya a kan waɗannan kalmomi ra'ayinsa ya faɗa maka. Abin da za a iya riƙewa shi ne jerin: “a couple” ƙasa, “a few” tsakiya, “several” sama. Idan aka ƙara “or so”, ko “about”, ko “give or take”, to mai magana ya sanar da kai da bakinsa cewa kirdado yake yi.

A cikin wannan hazo akwai kalma ɗaya mai tsayayyen lissafi, “fortnight”. Daga “dare goma sha huɗu” aka gutsuro ta, kuma mako biyu take nufi. Mutanen Birtaniya da Ostireliya da Indiya suna amfani da ita, Ba'amurke kuwa da wuya ka ji ta a bakinsa. 'Yan uwanmu na Nijar sun san makamancin wannan a Faransanci, inda “quinze jours”, kwana goma sha biyar a lafazi, yake nufin mako biyu. “Biweekly” kuma su kansu masu harshen ta gagare su, domin tana iya nufin sau biyu a mako, tana iya nufin sau ɗaya a mako biyu. “Ten working days” mako biyu ne cur, tunda ba a ƙirga Asabar da Lahadi, in hutu ya faɗo a ciki kuma ya ƙaru.

Af, a kwanakin kusa Hausa ta fi Turanci kaifi nesa ba kusa ba. Muna da gobe, jibi, gata, citta. Bature daga gobe sai ya fara kewaye-kewaye, yana cewa ranar da ke bayan gobe.

Ma'aunin da aka ɗauko shi ne saƙon

Idan uwargida ta ce hatsin da ya rage a gida 'yan mudu ne, ba ta faɗi adadi ba, amma ta gaya maka bai kai buhu ba. Da ya kai, da buhu za ta ambata. Haka “in the coming days” da “in the coming weeks” da “in the coming months” suke aiki. Babu lamba a cikinsu, ma'aunin ne yake magana. A nawa lissafin, wanda ya ce kwanaki yana nufin abin da bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, domin in ya wuce haka makonni zai ce. Wanda ya ce makonni bai kai ga wata uku ba. Wanda ya ce watanni yana ganin abin ba zai daɗe da wuce shekara ba, in ma ya kai. “A matter of days” ko “a matter of weeks” ma haka ne, sai dai da ƙarin nuna cewa lokacin gajere ne fiye da yadda ake zato.

Wani lokacin ma'aunin yakan faɗa daidai. Ranar 18 ga Fabrairun 2022 Joe Biden ya ce yana da yaƙinin Putin ya yanke shawara, kuma za a kai wa Yukiren hari a kwanaki masu zuwa. Ranar 24 aka kai.

Wani lokacin kuma ma'aunin daidai ne, abin da aka auna ne ba shi ba. Kafin mamayar Iraƙi a 2003, sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya gaya wa sojoji cewa yaƙin zai iya ɗaukar kwana shida, ko mako shida, amma yana shakkar ya kai wata shida. Mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya ce “weeks rather than months”, wato makonni, ba za a kai ga watanni ba. An fara ranar 20 ga Maris, Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu. In kifar da Saddam ake nufi da yaƙi, to sun canka. Amma sojojin Amurka ba su fice daga Iraƙi ba sai Disambar 2011. Uwar da aka tura ɗanta can ba faɗuwar Bagadaza take ƙirgawa ba, ranar dawowarsa take jira. Saboda haka kafin a tambayi “yaushe”, yana da kyau a tabbatar an yarda a kan mene ne zai faru ɗin.

“Soon” da danginta

Nan ne fassara ta fi yin ɓarna, domin kalmomi biyar ko shida masu nauyi daban-daban duk sukan narke su zama “nan ba da jimawa ba”.

“Soon” ba ta da ma'auni ko kaɗan. Tsawonta ya danganta da abin da ake magana a kai: “soon” ɗin mai dafa shayi minti biyar ne, na mai gina gada shekara biyu. “Shortly” ta fi ta kusa, mintuna ko sa'o'i, in an ja kwanaki. “Any day now” na nufin komai ya kammala, yau ko gobe, kamar mai ciki da watanta ya tsaya. “Imminent” ita ce mafi zafi, abu ya zo bakin ƙofa.

Wannan kalma ta ƙarshe ta taɓa haɗa gwamnatoci biyu. A Janairun 2022 fadar shugaban Amurka ta bayyana harin Rasha a kan Yukiren da “imminent”. Shugaba Zelensky ya fito ya koka cewa irin waɗannan kalamai suna firgita jama'a, suna kuma cutar da tattalin arzikin ƙasarsa. Jaridar Politico ta ruwaito cewa har da matsalar fassara a ciki, domin kalmar da ta fi kusa da ita a harshen Yukiren tana ɗauke da ma'anar abin da ba makawa sai ya faru. Ranar 2 ga Fabrairu mai magana da yawun fadar, Jen Psaki, ta ce sun daina amfani da kalmar, saboda tana ba da saƙon da ba su yi niyya ba, wato kamar sun san Putin ya riga ya yanke hukunci. Mako uku da kwana ɗaya bayan nan tankoki suka tsallaka iyaka.

A ɗaya ƙarshen akwai kalmomin da suke kama da na kusa alhali na nesa ne. “In due course” na nufin idan lokacinsa ya yi, kar ka dame mu. “Eventually” da “sooner or later” sun tabbatar maka abin zai zo, ko da baɗin baɗaɗa ne. Wadda na fi ganin ana juya wa ma'ana ita ce “for the foreseeable future”. Saboda akwai kalmar hange a ciki, sai a fassara ta da “nan gaba kaɗan”. Alhali idan aka ce iyaka za ta ci gaba da zama a rufe “for the foreseeable future”, nufin shi ne iya inda ido ya hanga ba a ga ranar buɗewa ba. Sai abin da hali ya yi ke nan. Ɗan kasuwar da ya ji “nan gaba kaɗan” ya bar kayansa a bakin iyaka yana jira, fassara ce ta cuce shi.

Turancin Najeriya ma ya haifi nasa: “soonest”, “any moment from now”, da kuma “in no distant time” da jami'an gwamnati suke ƙauna. Duk wanda ya taɓa jiran a biya shi bashin albashi ya san nisan wannan lokaci da aka ce ba shi da nisa.

Gajeren zango a bakin wa?

“Short term”, “medium term” da “long term” muna fassara su da gajere, matsakaici da dogon zango, kuma fassarar ba ta da laifi. Abin lura shi ne kowace sana'a da tsawon zangonta.

A wajen masu hasashen yanayi, bisa rabon Hukumar Yanayi ta Duniya, gajeren zango bai wuce kwana uku ba, matsakaici daga kwana uku zuwa goma, dogo kuwa daga wata guda har shekara biyu. A wajen akanta, bashin gajeren zango shi ne wanda za a biya cikin wata 12. Tsarin kashe kuɗi na matsakaicin zango da gwamnatin Najeriya take kai wa majalisa kafin kasafi, bisa dokar 2007, na shekara uku ne. Masana sauyin yanayi kuwa, a rahoton IPCC na 2021, sun kira 2021 zuwa 2040 zangon kusa, 2041 zuwa 2060 matsakaici, 2081 zuwa 2100 dogo. Ka ga “medium” ɗin mutumin da ke duba gajimare mako guda ne, na abokin aikinsa da ke nazarin ɗumamar duniya kuma sai jaririn yau ya yi aure ya haihu.

Babban bankin Turai ya ce burinsa hauhawar farashi ta tsaya a kashi 2 cikin ɗari “over the medium term”, kuma da gangan bai ɗaure kansa da adadin shekaru ba. Don haka idan wani jami'i ya ce wahalar janye tallafin man fetur ta gajeren zango ce, daɗin yana matsakaicin zango, tambayar da ta dace ita ce zangon wa. Mai albashin da ke ƙarewa ran goma ga wata, gajeren zangonsa bai kai na masanin tattalin arziki ba.

Me ya hana su faɗin rana kawai?

Masu kare wannan salon magana suna da hujja mai ƙarfi. Gaibu sai Allah, kuma wanda ya ba ka rana tsayayya a kan abin da bai sani ba ya fi mai cewa “cikin 'yan watanni” yaudararka. A ganinsu kalma mai yalwa ita ce gaskiyar abin da aka sani. Suna kuma nuna abin da kan faru idan aka matsa wa mutum ya sa lamba. Babban bankin Amurka ya daɗe yana cewa zai bar kuɗin ruwa a ƙasa na “a considerable time”, wato lokaci mai ɗan tsawo, bayan ya daina sayen takardun lamuni. Ranar 19 ga Maris 2014, a taronta na farko da 'yan jarida a matsayin shugabar bankin, aka tambayi Janet Yellen ko nawa ne wannan lokaci. Ta ce wani abu kamar wata shida. Nan take farashin hannun jari ya faɗi. Bankin ya daina sayen takardun a Oktoban 2014, bai ɗaga kuɗin ruwa ba sai Disambar 2015, wata 14 ke nan. Lambar da aka tatsa daga bakinta ba ta taimaki kowa ba.

Masu suka kuma suna cewa yalwar kalma mafaka ce. Hasashen da ba shi da wa'adi ba ya taɓa faɗuwa, mai shi kullum yana iya cewa lokaci bai yi ba tukuna. Marubucin jaridar New York Times, Thomas Friedman, ya yi ta maimaita cewa wata shida masu zuwa su ne za su yanke makomar Iraƙi, tun daga 2003 har 2006, har masu yi masa ba'a suka raɗa wa wata shida suna “Friedman unit”. Wata shida tsawo ne mai daɗin faɗa: ya yi kusa da za a saurare ka, ya yi nisan da za a manta kafin ya cika. A 2021 babban bankin Amurka ya yi ta kiran hauhawar farashi “transitory”, mai wucewa. Jama'a suka ɗauka 'yan watanni ake nufi. Ranar 30 ga Nuwamba shugaban bankin, Jerome Powell, ya gaya wa 'yan majalisar dattawa cewa kalmar tana da ma'ana daban-daban a wajen mutane, kuma lokaci ya yi da za a ajiye ta. A Yunin 2022 hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari.

Wannan ciwo tsoho ne, kuma bai tsaya kan lokaci kaɗai ba. A 1951 manazartan leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa harin Tarayyar Sobiyet a kan Yugoslabiya “a serious possibility” ne, wato abu ne mai yiwuwa sosai. Da ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent, ya bi abokan aikinsa yana tambayar abin da kowa yake nufi, sai ya tarar wani na nufin kashi 20 cikin ɗari, wani 80, alhali duk sun sa hannu a kan jimla guda. Irin wannan ne ya sa IPCC ta ɗaure kalmominta da lamba: “likely” kashi 66 zuwa sama, “very likely” 90 zuwa sama.

Ni dai na fi tsayawa kusa da masu suka, amma ba gaba ɗaya ba. Ban ga laifin mutum ya ce bai san rana ba. Laifin yana wajen wanda ya san mai sauraro zai ji “kusa”, shi kuma a ransa “nesa” yake nufi, ya bar shi a haka. Mai hasashe na ƙwarai yakan ba da gefe biyu. A Maris 2020 Anthony Fauci ya ce rigakafin korona zai ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A Disambar shekarar aka fara yi wa mutane allura, wato abin ya ma riga hasashensa. Amma da yake ya faɗi lambobi, kowa na iya auna shi ya ga inda ya tsaya. Wanda ya ce “soon” ba a iya yi masa haka.

Bazarar Bature

Akwai wani ruɗanin da namu ne mu kaɗai, kuma kusan kullum ana jin sa a labaran wasanni. Mai Turanci yana son auna lokaci da yanayin shekara: “by spring”, “this summer”, “in the fall”. Mu kuma muka ɗauko sunayen namu yanayin muka liƙa musu. “Winter” ta zama hunturu, wannan ya zauna, domin Disamba zuwa Fabrairu ne a can da nan. “Autumn” ko “fall” ta zama kaka, shi ma ba laifi, ko da yake ɗalibin da aka ce zai fara karatu a Amurka a “fall” ya sani ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ake nufi, tun gero bai gama shiga rumbu ba. “Summer” kuwa aka ce bazara, saboda duka biyun lokacin zafi ne.

Sai dai bazararmu Maris zuwa Mayu ce, lokacin da ake kwana a tsakar gida ana jiran ruwan fari. Ta Bature Yuni zuwa Agusta ce, daidai lokacin da muke tsakiyar damina, masara na bunƙasa. Watannin bazararmu su ne “spring” ɗinsu, wadda ita ma wasu masu fassara bazara suke ce mata. In labarin daga Ostireliya ko Afirka ta Kudu ya fito, komai ya juye, “summer” ɗinsu Disamba ne. Ko kalmar shekara ma ba a tsira ba: shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ta Birtaniya a Afrilu, ta Najeriya a Janairu.

A watan Afrilun da ya wuce, rana na dukan kwano, wani yaron maƙwabtanmu mai goyon bayan wata ƙungiyar Ingila ya same ni a ƙofar gida da wayarsa a hannu. Tun Janairu ya karanta cewa ƙungiyarsa za ta sayi wani ɗan wasan gaba “a bazara”.

“Kawu, ga bazara har ta yi nisa, shiru. Ko cinikin ya lalace ne?”

Na ce masa ya bari sai ya ga an yi shuka an fara noman fari, sannan ya soma duba waya. Ya kalle ni kamar na zolaye shi, ya ce me ya haɗa ƙwallon Ingila da noman fari.